Kwalin Cukun Da Ya Je Yamai Ya Dawo

Da sunan Allah nake farawa, mai tsare na gida da na kan hanya.

Uwata,

Gaisuwa mai yawa daga Arlit, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da gwaggonki Rabi da duk mutanen gidanta a Yamai. Mu nan lafiya lau, sai zafi, sai kuma gwiwar Innarki da kin riga kin san halinta. Allah Ya kare ki daga sharrin birni, da sharrin mota, da sharrin masoyi marar wayo, ko da yake na ukun nan kin riga kin ɗanɗana shi a hannuna.

Tunda kin ƙi ɗaukar salula, na koma ga biro da takarda. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun da ya tsufa a tuƙin kamyo ne, babbar motar kaya. Kin ci sunan mahaifiyata, shi ya sa tun ranar sunanki bakina bai taɓa kiran ki da komai ba sai Uwata. To ga shi yau kin yi mini irin fushinta sak, fushin shiru, wanda ya fi zagi ciwo. Gwaggonki ta gaya mini abin da kika ƙudura: wai za ki je ki janye dosiyenki, takardunki na neman shiga, kafin malamai su zauna zaɓen waɗanda za a ɗauka karatun nan na ƙwarewa a dokar haraji, karatun da kike ta yi wa shiri tun kafin ki gama masta. Wannan ne ya zaunar da ni rubutu. Kada ki janye. Ki karanta har ƙarshe tukuna, sannan ki yi abin da kika ga ya dace.

Bari in faɗi abin da na aikata da bakina, kada ki ce na yi kewaye-kewaye. Bayan tafiyarki na zauna a ƙofar butik, ɗan shagon nan nawa, na kasa sukuni. Ke kina can kina haɗa takardu, ni ina nan ina korar ƙuda. Na ce a raina, yanzu ɗiyata za ta shiga gaban manya hannu rabbana, kamar marar uba? Sai na tashi na je wurin matan Gugaram masu kawo cuku, na zaɓi fari mai kyau wanda bai sha rana da yawa ba, na haɗa da dabinon Abzin da ɗan kilishi, na ɗaure kwali tam. Na kai wa abokina Agali, tunda shi har yanzu bai ajiye tuƙin motar Yamai ba. Na ce ya kai wa malaminki, wannan da kike yawan ambata, wanda ya duba aikinki na masta, wanda kuma kika ce yana cikin masu zaɓe. Na ce ya gaya masa daga baban wance ne na Arlit, ana gaishe shi.

Agali ya dubi kwalin, ya dube ni, ya gyara rawaninsa.

Ya ce, "Habu, yarinyar ta sani?"

Na ce, "Ina ruwan yaro da gaisuwar manya?"

Ya ce, "To. Ni dai mota nake tuƙawa."

Kin ji mutum! Hannunka mai sanda ya yi mini, ni kuwa a ranar kunnena a toshe yake.

Wallahi, Uwata, a zuciyata ban kira abin nan cin hanci ba. Kin san garinmu. Mu da aikin ramin ma'adini ya tara nan kowa daga wani wuri ya zo, na Maraɗi, na Tawa, mu na Damagaram, babu wanda ya taho da gonarsa ko kabarin kakansa. Abin da ke riƙe mu da juna saƙo ne. Mota ba ta tashi daga tasha sai da ƙullin wani zuwa ga wani, kuma duk wanda zai yi maka wani abu kakan gaishe shi tun kafin buƙata ta zo, don tuwon gobe ake wanke tukunya. Haka muka taras, haka muka yi ta yi. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne wanda ke kika tambaye ni a salula ranar da kika kira. Kika ce, "Baba, duk shekarun da yake koyar da ni ba ka taɓa aika masa ko ƙwayar dabino ba. Me ya sa sai yanzu da takarduna ke kan teburinsa?" Kika kashe. Har yau da nake rubutun nan ban samo amsar ba.

Na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba. Na shiga gida ina faɗa, wai yarinyar da na goya a wuya ita ce za ta koya mini gaisuwa. Innarki tana tsintar shinkafa, ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Kai ka kai ta lakwal karatun boko, ba ni ba. Ka ce ta koyi shari'a, to ga shi ta fara da kai." Na fita na bar mata gidan. Amma ina tafiya a titi haushin yana zubewa, wani abu yana maye gurbinsa, har na tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir. Alfahari ne, Uwata. Mutane nawa ne a ƙasar nan uba zai share musu hanya su ce a'a, a mayar da ƙayar inda take? Ni dai ban yi ba lokacin da nawa ya zo.

Kin san labarin, tunda Agali ba ya gajiya da tsokanata da shi. Na zo garin nan ina saurayi, da jakar tsumma da takardar tuƙi. Ana neman direbobi a wurin haƙar ma'adini, muka taru da yawa ranar gwaji. Aka ce kowa ya koma da kamyo baya ya shiga tsakanin gangunan da aka jera. Wani siririn Ba'abzine ya hau, ya zura motar nan kamar mai zura zare a allura, ko gangar ba ta ji iskarsa ba. Ni da na hau, na kwashe ganga guda har ta yi ta birgima, mutane suna dariya. Amma kawuna Sale ya riga ya kai wa wani shef, babba cikin masu ɗaukar aiki, rago tun bayan Sallah. Aka ɗauke ni, aka bar Ba'abzinen nan, wato Agali. Shi ya fara zuwa ya yi mini barka, daga nan muka ƙulla, kuma daga nan ya sa mini suna direban rago.

Na yi aikin nan da gaskiya, Allah shaida, har na ajiye ban taɓa kayar da mota ba, ban taɓa taka kowa ba. Amma duk ranar da aka yabe ni a gaban mutane, sai in ji ragon nan ya yi kuka a cikin kunnena. Ban taɓa sanin ko da hannuna kaɗai zan iya shiga ba, kuma yanzu babu inda zan je in tambaya. To kin ga wautar tsufa: abin da ya yi shekaru yana cizona, shi na ɗaure a kwali na aika miki da sunan taimako. Saboda haka tsoron da kike ji na san shi sarai. Kina tsoron a ɗauke ki, ki zauna a aji kina tambayar kanki ko ƙwaƙwalwarki ce ko cukun babanki. Wannan tsoron mai kyau ne, ki riƙe shi duk inda aiki ya kai ki. Sai dai a wannan karon akwai abin da ba ki sani ba.

Na karɓi lambar malamin a wurin Agali na kira shi. Na yi ta juya salular a hannu kafin in danna, don ban saba ba wa na bayana haƙuri ba. Da ya ɗauka na yi sallama, na ce, "Malam, ni ne baban..." sai na tsaya cak, tunda sunanki ba ya fita a bakina. Ya yi dariya.

Ya ce, "Baban ɗalibata ta Arlit. Na gane. Baba, ina wuni? Ina gajiya?"

Muka gaisa sosai, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, kai ka ce tare muka tashi. Na fara kame-kame ina cewa ai ba da wata manufa ba ne, sai ya tare ni a hankali.

Ya ce, "Baba, na gode da gaisuwa, kuma na san da zuciya ɗaya ka aiko. Ni ma ɗan ƙauye ne, da mahaifina yana raye haka zai yi. Amma ka fi ni sani, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ba zan iya cin cukunka ina riƙe da takardun ɗiyarka ba. Zan ba direba ya dawo maka da shi, kada ka ɗauka raini ne."

Na ce, "Ba komai, Malam, na fahimta." A raina na ce to shi ke nan, an rabu lafiya. Ashe da sauran magana.

Ya ce, "Na kuma gaya wa shugaban zamanmu abin da ya faru. Na ce masa yarinyar ba ta sani ba, don na ga fuskarta lokacin da ta ga kwalin. Amma in an zo kan dosiyenta ni zan fita waje. Sauran malamai ne za su karanta, ba su san ta ba, ba su san ka ba."

Na ce, "Haba Malam! Kai ne fa ka san ƙoƙarinta. Kai ne za ka tsaya mata."

Ya ce, "Da zan tsaya mata, Baba. Yanzu ba dama."

Uwata, sai da na nemi benci na zauna. Garin neman gira na rasa ido. A duk ɗakin nan mutum ɗaya ne ya san irin wahalar da kika sha, ya san yadda kike kwana kan littafi, ya san bakinki in kin kama hujja, ni kuma na fitar da shi waje da hannuna. Na yi kuka, ban ji kunyar faɗa miki ba. Amma ki duba abin ta ɗaya gefen. Abin da kike gudu ya riga ya kau. Babu mai cewa an ɗauke ki don cuku, tunda wanda aka kai wa bai ci ba, kuma ba ya cikin masu karanta takardunki. To me za ki janye wa?

Kwalin ya dawo, ɗaurin da na yi masa ko kwancewa ba a yi ba. Innarki ta zagaya shi ta ce, "Sannu da hanya. Cukun nan dai ya fi ni yawo, ya ga Yamai ni ban gani ba." Ta raba wa maƙwabta, ni ko ɗanɗanawa ban iya yi ba.

Yanzu ki saurari abin da nake so ki ɗauka daga wannan, don bai kamata wautar ta tafi a banza ba. Aikin da kika zaɓa aikin kwalaye ne. Ranar da kika zauna a buro, ofishin aikinki, ko kina kare ɗan kasuwa ko kina tsaya wa hukuma, irina za su yi ta zuwa. Wasu ɓarayi ne, sun san abin da suke saye. Amma da yawa tsofaffi ne kamar ubanki, masu zuwa da zuciya fari, da buƙatar da suka ɓoye har ga kansu. Kada ki karɓa, wannan kin riga kin fi ni saninsa. Abin da ya rage ki koya shi ne yadda ake mayarwa. Malaminki ya ƙi kayana, ya faɗa mini gaskiya mai ɗaci, amma na ajiye salula ina jin ni mutum ne, har ya ce in an gama komai, ko an ɗauke ki ko ba a ɗauke ki ba, ranar da hanya ta kawo shi Arlit a gidana zai ci tuwo. Kai, Allah Ya yi wa iyayen mutumin nan albarka! In wannan ne irin masu koyarwa a wurin, to ko don ki zauna kusa da su ya isa ki nemi shiga.

Sai maganar zuciya. Malamin ya ce ya kira ki buronsa ne don ya gaya miki duk abin da na rubuta a sama. Da kika ga kwalin da rubutuna a jikinsa, sai kika tashi kika fita kafin ya gama magana, kuma shi ma ba ki ɗaukar kiransa. Ban yi mamaki ba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni ne sarkin tashi a tsakiyar magana. Kin tuna da na ajiye aiki na buɗe butik ɗin kayan mota? Kin san al'adar layinmu: da an hango 'yan lanho masu karɓar haraji daga bakin kasuwa, sai ki ji ƙofofin ƙarfe suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya, garam, garam, kowa ya zama ba ya nan. Na shiga sahu. Akwai ranar da ban samu fita ba na kulle kaina a ciki da tsakar rana, su kuwa bayin Allah suka zo suka zauna a inuwar butik ɗin nawa suna hira. Ina ciki ina tsiyayar gumi, ina jin labarin auren ƙanen ɗayansu tun daga baiko har kai amarya, saura kaɗan in suma.

Ke kika raba ni da wannan, lokacin da kika zo hutu daga jami'a. Kika ce in bar ƙofa a buɗe. Da suka zo kika ba su kujera, kika ba su ruwa, kika tambaye su da ladabi a wane aji aka sa ni, kuma bisa wace doka. Ashe an jera ni cikin manyan 'yan kasuwa bisa kuskure, kuma gudun da nake yi ne ya hana a gyara. Ina tsaye a gefe ina kallon ki kina magana da su ido cikin ido, babu tsiwa, babu rawar murya, har babbansu ya tambaye ni, "Alhaji, ɗiyarka ce?" Na ce, "Uwata ce." Ranar ko ƙasa ban ji ina takawa ba. To yarinyar da ta koya mini buɗe ƙofa ita ce yau ta rufe tata ta kashe salula? Ki je wurin malaminki ki ba shi haƙurin tashin da kika yi. Kuma in Allah Ya ba ki aikin nan, ki tuna waɗanda ke bayan rufaffun ƙofofi ba duka ne macuta ba, da yawansu tsoro ne da rashin mai yi musu bayani.

Ban manta amsar da kika ba ni ba da na tambaye ki me ya sa haraji, duk faɗin shari'a, abin da kowa ke ƙi. Na so ki zama alƙaliya ne, in riƙa cika baki a majalisa. Kika ce, "Baba, ka yi rayuwarka kana jan dutse daga rami ana fita da shi. Rabon da ya kamata ya zauna a gari a cikin dokar haraji ake rubuta shi, kuma 'ya'yan garin nan kaɗan ne suka iya karanta ta. Ina so in zama cikinsu." Na kawar da kai a lokacin, don kada ki ga idona. Tun da aka rufe ramin Akokan kin ga yadda gidaje suka zama kango, kin ga abokaina da suka kwashe suka koma garuruwan da 'ya'yansu ba su sani ba. Mu mun iya tuƙi, mun iya haƙa, mun iya haƙuri. Tambaya ce ba mu iya ba, kuma ke kin iya ta. In kika janye saboda ni, ba ke kaɗai na cuta ba.

Ba zan yi miki ƙarya in ce za su ɗauke ki ba. Gurbin kaɗan ne, masu nema da yawa, wasunsu 'ya'yan manya ne da suka tashi da Faransanci a baki, kuma mai tsaya miki ɗaya tilo na kore shi. Yana yiwuwa su ƙi. Wannan ne ke hana ni cin abinci. Amma ƙin da za su yi miki bayan sun karanta daban yake da wanda za ki yi wa kanki tun ba su buɗe ba.

Na yi alkawari ba zan ƙara kiran kowa ba, ba zan aika wa kowa komai ba, ba zan je wurin wani mai sanin wani ba. Addu'a kawai na riƙe, ita kam ba ki da dokar hana ni. Takardar nan ma ita kaɗai Agali zai kawo miki. Innarki ta ɗaura miki yaji da kuka, na ce a ajiye, har muka yi cacar baki, don ban taɓa barin mota ta tashi zuwa inda kike ba tare da ƙulli ba. Amma ba na so ki ce na haɗa roƙona da tsaraba.

Ki bar takardunki su shiga ɗakin nan, Uwata. In sun ƙi ki, ni na jawo, ki zo har gida ki faɗa mini a fuskata, zan tsaya in ji, ba zan tashi ba sai kin gama. In kuwa sun ɗauke ki, to ki sani har ranar da za ki tsufa cewa babu hannun kowa a ciki. Ubanki ma da ya sa nasa, baya ya ja ki, kika wuce duk da haka.

Allah Ya tsare fitarki da shigarki, Ya buɗe ƙirjinki a gaban masu tambaya, Ya haɗa ki da masu gaskiya, Ya raba ki da abin kunya. Allah Ya yi miki albarka, fushinki da duka. Ki gaishe da gwaggonki. Innarki tana gaishe ki, ta ce ko ba ki ɗauki kirana ba ki ɗauki nata.

Ni ne mahaifinki,
Habu direba, daga Arlit.